Haƙoran Agogo

A shagona na Agege, bayan layin dogo,
inda nake gyaran agogon da mutane suka daina ɗaurawa,
akwai kan jirgin ƙasa mai tsawon kamu ɗaya
zaune a kan benci, tsirara.

Gwangwanin madara sha huɗu na yanka masa riga.
Barau mai shayi ne ya tara mini,
ya ce in an gama, shi ne fasinjan farko zuwa Kano.
Tukunyar tururi gwangwanin maganin sauro ce,
bututun hayaƙi murfin biro,
ƙafafu murafun lemo da na daddale da guduma.
Duk wanda ya leƙo sai ya ce ya yi.
Ni na san bai yi ba.
Fatarsa sumul kamar goshin jinjiri,
alhali wanda babana ya yi wa bauta a Ebute Metta
jikinsa duk kawunan ƙusa ne,
sahu bayan sahu,
da su aka ɗinke ƙarfe da ƙarfe.

Na je Idumota nema.
Wani yaro ya nuna mini a waya,
'yan ƙusoshin roba, ba su kai ƙwayar gero ba,
sai an yi oda daga ƙetare.
Kuɗin guda ɗari
ya haura cefanen gidana na mako.
Na yi masa godiya, na hau danfo.

Na soma da gam da tsinken sakace,
ɗigo, ɗigo, ɗigo,
amma danshin Legas bai san wasa ba.
Kafin asuba sun kwanta, sun haɗe,
sun zama kunu.
Na gwada allura, ta huda ta wuce.
Gwangwani uku suka tafi a banza,
ɗan yatsana ya biya sauran.

Ran Talata Iya Ronke ta kawo agogon bango.
Na mijinta ne, shekara tara da rasuwarsa,
agogon ma tun lokacin bai ce uffan ba.
Na buɗe, na ce Mama, wannan ba ya tashi.
Ta ce riƙe, ni nauyi yake yi mini.
A cikinsa na tsinci 'yar ƙafar tagulla
mai haƙora arba'in da takwas,
babu giɓi ko ɗaya.

Na ɗaura ta a bakin tsohon buroshi,
na kifa gwangwani a kan silifa,
na aza rula, na riƙe numfashi,
na gungura.
Da na juya fuskar,
ga su nan reras,
kowanne ya ɗago kai daidai da ɗan'uwansa.

Aka ɗauke wuta, ban tashi ba.
Ladidi ta riƙe mini tocila tana ƙirga,
ta kai ɗari shida da sha biyu
barci ya ƙwace lissafin.
Na shafa baƙin fitila,
na bi kawunan da bakin fensir
har suka yi ƙyallin abin da ya sha hannu.

Akwai sahu ɗaya da ya karkace,
wajen ƙofar direba, ta hagu.
Jirgin yamma ne ya wuce, benci ya girgiza.
Na ɗauko almakashi zan sake,
sai na tuna baba yana cewa
maƙerin jirgi ma yana da ranar da kafaɗa ke ciwo.
Na mayar da almakashi.

Duk abin da na kashe, naira ɗari bakwai,
kuɗin gam ɗin da bai yi aiki ba.

Sabon jirgi yana wucewa ta bayan shago,
jikinsa santsi, ko ƙusa ɗaya ban gani ba.
Ni kuwa in dare ya yi
nakan bi nawa da babban yatsa a cikin duhu,
yadda baba ke shafa fuskokinmu
bayan idonsa ya tafi.

Barau har yau yana tambaya
ƙarfe nawa za mu tashi.